Rigar da Ba a Sa wa Soso Ba

Ina zaune a shagon ɗinki ina jiran a rage mini hannun riga, wata mata kuma tana tsaye gaban madubi cikin rigar amarya da ba a gama haɗawa ba. Ban san ta ba. Za ta haura arba'in, siririya ce, gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwalinta gajere ne, sabon tsiro.

Riga mai kama jiki ta zaɓa, irin wadda ba ta ɓoye komai. Ƙirjinta na dama ya cika rigar, na hagu kuwa yadin ya kwanta a shafe.

Mai ɗinkin ta rage murya. "Anti, bari in sa miki soso a nan, wallahi ba wanda zai gane. Ko mu koma buɗaɗɗiya mai tattara?"

Matar ta ɗora tafin hannunta a wurin, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ina rayawa a raina irin zaryar asibitin da ta sha, da 'yan uwan da wataƙila har sun cire rai da ita.

Ta ce, "A'a, ƙanwata, kama ta daidai jikina. Wanda zai aure ni shi ya riƙe mini jaka ranar da aka yi aikin. Sauran kuma su sha kallo."

Mai ɗinkin ta ajiye soson gefe, ta ɗauki allura.