Dukushina ya ɗauka rijiya muka zo

Sau bakwai ina sakar wa dukushina doguwar igiya a filin bayan garinmu, nan kusa da Keita, don ya koyi zagaya ni. Kowane karo sai ya miƙe sak, igiya na ƙarewa ya tsaya, ya juyo ya dawo gabana yana kallona.

Raina ya ɓaci. Shi kaɗai ya rage mana daga goɗiyar marigayi Baba, kuma yayana ya ce in bai horu ba kafin damina, kasuwa za a kai shi.

Kawu Illa na zaune gindin aduwa yana dariya. Na ce, "Kawu, dabbar nan taurin kai gare ta."

Ya ce, "Ba taurin kai ba ne, ɗana. Uwatai, da can, mi take yi?"

Na ce, "Jan guga a rijiya."

"To, tun shina tsotso shike biye da ita. Ta tahi, guga ya hito, ta komo. Aikin da ya gani shi ya yi maka har sau bakwai, kai ne ba ka gode ba."

Na naɗe igiyar, na kama ragama, muka yi ta zagayawa tare har sawunmu ya fito a rairayi. Sannan na riƙa sakin igiya kaɗan-kaɗan ina ja da baya.

Kafin la'asar ya yi zagaye ɗaya shi kaɗai. Ɗaya tak, amma gobe da safe muna nan. Dokin Baba ba zai ga kasuwa ba, in sha Allahu.

Ku da kuka taɓa horar da doki, kwana nawa kuka yi kafin naku ya gane?