Mai Roƙon Kada a Zaɓe Shi

Tun safe Araceli, mai sayar da lemo a kasuwar Asabar ta birnin Fresno, take satar kallon mutumin da ke tsaye gefen rumfarta. Dogo ne mai furfura, rigarsa sharkaf da gumi. Fuskarsa ce a hoton takarar da ke manne a jikin falwaya, sai dai ta hoton tana murmushi. Takardun da yake rabawa kuwa na wata 'yar jam'iyyarsu ne, wadda suka shafe watanni suna caccakar juna.

Ranar Talata mai zuwa ake zaɓen share fage. Duk 'yan takara a takarda ɗaya suke, biyun da suka fi ƙuri'a su za su je babban zaɓe, ko da jam'iyyarsu ɗaya ce. Ɓangarensa su huɗu suka fito, abokan hamayya su biyu. In ƙuri'arsu ta rarrabu, ba nasu ko ɗaya a babban zaɓen Nuwamba. Shi ya sa ya janye mata, amma an riga an buga sunansa a takardar zaɓe. Yadda yake cije leɓe, Araceli tana zargin tilasta masa aka yi.

Wata tsohuwa ta tsaya, ta dubi hoton, ta dube shi.

"Ashe kai ne, ɗana. Ai ni da matan cocinmu kai muke yi."

"Mama, don Allah kada ku zaɓe ni. Ga wadda za ku ba."

"To, ai tun makon jiya muka aika ƙuri'unmu ta gidan waya."

Ya dubi tsohuwar. Sannan ya riƙe hannunta da hannu biyu, takardun na zubewa ƙasa.

"Na gode, Mama," ya ce a hankali. "Ku nawa ne?"