Kaset ɗin da Ya Ƙi Fita a Hanyar Maradun

Motata ta farko tsohuwa ce, ta sha duniya kafin ta zo hannuna, rediyonta kuma halin jaki gare shi. Ya haɗiye kaset guda ya ƙi amayarwa, makunninsa ya karye, abin rage murya ya faɗi ya ɓata. Da ka murɗa makulli kiɗa zai tashi, ba zai yi shiru ba sai ka kashe mota. Ban damu in gyara ba, domin ni kaɗai nake hawa, kuma ina son kaset ɗin.

Na wasu Amurkawa ne su uku, masu kiɗan da ake kira giranj, kuma shi ne na ƙarshe da suka yi kafin mawaƙinsu ya mutu. Abokin ɗakina a jami'a ne ya saba mini da shi. Shekarar da mahaifiyata ta rasu ina koyarwa a Talata Mafara, kowa na yaba mini haƙuri. Ba su san a mota nake sauke haƙurin ba. Sai in ɗaga gilasai, in bar mutumin nan ya yi ihun da ni ba zan iya yi ba.

A lokacin ina neman aure a Bakura. Baffannina sun je sau biyu, uban yarinyar yana ce musu sai ya yi shawara. Manomin shinkafa ne, dattijo, maganarsa sai an tono. An ce mini yana binciken halina ne, don haka ko tafiya nake yi a garinsu sai in sunkuyar da kai kamar mai neman allura.

Wata safiya na hango shi a tashar Bakura yana jiran motar Maradun, zai duba ƙanensa da ba shi da lafiya. Kunya ta ce in wuce, amma ya riga ya gan ni. Na tsaya, na kashe mota, na cire takalmi na durƙusa muka gaisa, aka tambayi gida da gona da gajiya. Na roƙe shi in kai shi. Ya ƙi, na nace, ya shiga gaba ya ɗora sandarsa tsakanin gwiwoyi. Wallahi na manta da rediyon sai da na murɗa makulli.

Jita ce ta fara, a karce, kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse. Ganga ta biyo da ƙarfi, kai ka ce a cikin ɗakin da babu kaya ake dukanta. Sannan muryar ta shigo, a dushe, ta yi ƙasa kamar mai gunaguni, can sai ta fashe da ihu har maƙogwaro na tsagewa. Na danna duk abin da ke dannuwa, na bubbuga rediyon da tafin hannu. Ko gezau. Gumi ya jiƙa mini hula.

Dattijon ya zuba wa hanya ido, ni kuwa ba ni da bakin fara magana a gaban wanda nake fata ya zama surukina. Muka ratsa Talata Mafara a haka, 'yan acaba na leƙo mu. Waƙa ta ƙare da wani ƙara mai shiga haƙori, wata ta ɗauka wadda ta fi ta hauka. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mun kama hanyar Maradun ne ya tambaye ni ko kaset ɗin nawa ne. Na ce a'a, na wani abokina ne, aron motar ya yi ya bar shi ciki. Na ƙara da cewa ni ban ma san abin da suke faɗa ba, hayaniya ce kawai ta marasa tarbiyya. Ya gyaɗa kai.

Daga nan waƙar da na fi so ta zo, mai sanyi, wani abu kamar babban goge yana kuka a ƙarƙashinta, mawaƙin ya gaji da ihu yana magana a hankali kamar mai neman gafara. Ita nake jira ta zo in na dawo daga maƙabarta. Ban san lokacin da leɓɓana suka fara binta ba, sai da na ji idon dattijon a gefen fuskata. Na rufe baki, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A ƙofar gidan ƙanensa na kashe mota, shiru ya sauka. A raina na riga na yi bankwana da auren. Ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafa ɗaya, ya tsaya.

“Malam,” ya ce, yana duban sandarsa, “ka gai da abokin nan naka. Ka ce mai in wani abu na cin shi, shi taho gida shi hwaɗi, yanzu yana da uwaye Bakura. Kada shi bar Bature na yi mai kuka.”

Na ce to, Baba. Ko ɗaga kai ban iya yi ba.

Satin bai ƙare ba ya aika wa baffannina su zo a sa rana.