Shatu Mai Suya da Agogon Yasmin

Duk wanda ya san Shatu mai suyar gyada a Daura ya san ta da abu biyu, hancinta da bakinta. Hancin shi ke ci da ita. Tun tana yarinya a Zango, a gindin kaskon kakarta, ta koyi gane gyada ta soyu da ƙamshi kawai, ko da ta juya wa wuta baya. Bakin kuwa, Allah ya kyauta, shi ya raba ta da wuraren aiki biyu. A na farkon ta ce wa mai gidan abinci ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sha miyarta. Gaskiya ta faɗa, amma washegari tana gida a zaune.

Daga ƙarshe ta samu matsuguni wajen Hajiya Sadiya, mai sana'ar man gyada da ƙuli-ƙuli a kusa da Kusugu. Shekara ashirin da uku tana juya gangar suya lafiya lau, don Hajiya ta iya da ita: in Shatu ta fara, sai ta yi dariya ta wuce. Da ciwon ƙafa ya zaunar da Hajiya, 'yarta Yasmin ta karɓi wurin, Yasmin ɗin da Shatu ta sha goyawa a bakin wutar nan.

Yarinyar ba ta da kasala. Ta kawo tsafta, ta kawo robobi masu tambari, ta kuma kawo agogo. A lokacin kaka ta auna suya ta samu minti arba'in, ta ce daga yau ba mai sauke ganga sai agogo ya buga. Shatu ta taɓe baki ta bi.

Da bazara ta kama, mai ya fara ƙauri. Ranar da wani ɗan kasuwa daga Dutsi ya dawo da jarka uku, Yasmin ta fito tsakar gida, gaban duk matan da ke aiki.

"Inna Shatu, wannan daga wutarki ne. In shekaru ne suka fara yi miki nauyi ki faɗa, in sa wata, ke ki koma tsintar gyada."

Matan suka sunkuyar da kai, don sun san abin da ke tafe. Amsar kuwa tana nan a kan harshen Shatu, da zafinta, har da tunin wanda ya share wa wani majina. Amma wutar nan ita ce mutuncinta. A raba ta da ita a wannan shekarun, ba ta san ina za ta kai kanta ba. Ta haɗiye amsar da ƙyar, ta ce wa Yasmin:

"Na ji, Hajiya. Ƙaurin kam akwai shi."

Ranta ya ɓaci sosai, har ta kasa cin abincin rana. Sai da ta idar da azahar ta yarda da abin da ba ta so ta yarda da shi: mako biyu hancinta yana gaya mata gyadar na ƙonewa, ta yi shiru don haushin agogo.

Washegari ta riga kowa zuwa, ta sami Yasmin ita kaɗai, ta ajiye ɗanyar gyada a faranti.

"Hajiya, tauna wannan. Kin ji yadda take ƙaras? Lokacin da kika auna, sabuwar gyada ce, da danshinta. Awonki daidai ne a kanta. Wannan ta sha zafin bazara, ba ta kai arba'in. Ni ma da laifina, na ji ƙaurin ban zo na faɗa miki ba. In kin yarda, yau ki riƙe agogon ki tsaya kusa da ni, mu gani tare."

Yasmin ta daɗe tana tauna. Ta ce, a hankali, "Inna, tsoro nake ji kar sana'ar Mama ta lalace a hannuna."

"Ba za ta lalace ba, da yardar Allah. Zo mu hura wuta."

A minti na talatin da ɗaya Shatu ta ɗaga hanci ta ce a sauke. Gyada ta fito ja jawur, ba ko ɗigon baƙi. Yasmin ta juya ga matan da suka ji maganar jiya, ta ce jiya ta yi wa Inna Shatu ba daidai ba, kuma daga yau duk sabon buhu sai Inna ta shinshina kafin a saita agogo.

Shatu tana nan a bakin wutarta har yau. Bakin bai mutu ba, masu kawo itace jiƙaƙƙe za su ba da shaida. Sai dai yanzu in magana ta taso mata takan bar ta ta ɗan huce, kamar yadda take barin gyada kafin a kai niƙa.