Ɗigon motar Habu a hanyar Tazruk

Abubuwa da yawa na aikin gareji sun zube mini daga kai, tsufa ya cinye su. Amma ranar da muka tsaya gaban kwamfuta muna yi wa zanen mota dariya, alhali mutum biyu na can cikin duwatsu ruwansu na ƙarewa, wannan ranar ta ƙi zubewa. Tunda yanzu kowannenku ya sa manhajar bin mota a wayarsa, kuna ta nuna mini ita kamar kun kama aljani a kwalba, ku zauna ku ji.

A lokacin ni ne shef na garejin wani ɗan kasuwa mutumin Damagaram, Alhaji Mamman, a bakin unguwar Tahaggart. Ga wanda bai san aikin ba, shef ba direba ba ne, ba kuma bakanike ba. Shi ke sallamar mota, ya duba taya da gazawal, wato man dizal, da ruwan sha, kuma shi ke zaman jiran labarin isarta. Gari da sukari da shayi da tukwanen gas muke kaiwa ƙauyukan duwatsun Ahaggar. Akwai ƙa'idar da na tarar a aikin tun kafin wayar hannu ta zo: in mota ta ɗauki hanyar duwatsu zuwa Tazruk, gari ya waye ba a ji ta isa ba, ba a neman shawarar kowa. A ɗora bido, wato jarkar ruwa, da taya da bakanike a motar bin sawu, a tafi. Ko barci aka tarar direba na yi a inuwa, ba a yi asara ba.

Muna da wani maƙwabci, Si Lamin, ɗan garin ne mai jin Tamahaƙ, yaren Buzayen can, amma uwarsa 'yar Agadas ce, Hausarsa ta fi ta wasunku. Ya yi ritaya daga aikin sadarwa, sai ya duƙufa kan rediyon sha'awa. Waɗannan mutane ne da hukuma ke bai wa izini da lambar kira, su yi ta magana da junansu ta iska, ba don ciniki ba. A shekarar nan ya fara koyon wani sabon abu. Akwai 'yar na'ura da ke sanin inda take ta tauraron ɗan adam, sai ta miƙa wa rediyo, rediyon ya riƙa sakin wata 'yar ƙara lokaci-lokaci. Wani rediyon a gida ya kama ƙarar ya bai wa kwamfuta, kwamfuta ta ɗiga 'yar mota a kan taswira. Babu ruwansa da rezo, wato sabis na waya. Abin da ya burge mu ke nan, don da ka bar gari kaɗan wayarka ta zama dutse.

Si Lamin ya roƙi a bar shi ya ɗaura eriya a kan tankin ruwan garejinmu, don ya fi rufin gidansa tsawo. Ya kuma roƙi ya bi ɗaya daga cikin motocinmu zuwa Tazruk da rediyonsa, ya ga iya nisan da za a ji shi. Alhaji na jin bayanin, idonsa ya yi haske.

"Wato ina zaune a buro in ga inda kowane direba yake?"

"Alhaji, gwaji ne," in ji Si Lamin. "Ni ma koyo nake. Kuma doka ba ta yarda a yi kasuwanci da shi ba."

"To, to, mu dai gani."

Direban da aka haɗa shi da shi Habu ne, ɗan Tasawa, mutum mai barkwanci, mai iyali a unguwar Sarsuf. Da safen da za su tashi, Si Lamin ya zaunar da ni gaban kwamfutar. Karatuna bai yi nisa ba, lekkol kaɗan na yi, amma ya bi da ni a hankali.

"Malam Issufu, rediyon nan kamar ido ne, ba ya ganin bayan dutse. In ka ga motar ta dusashe, ba tsayawa ta yi ba, ku ne kuka daina jin mu. Ka danna ta, za ta nuna maka lokacin da aka ji ta na ƙarshe."

Na ce na gane. Habu ya leƙo ta taga yana dariya. "Baba, in kun ga na tsaya fitsari kar ku gaya wa Alhaji."

Ranar nan ba a yi aikin kirki a gareji ba. Bakanike ya ajiye sifana, mai shayi ya bar butarsa a wuta, kowa na kallon 'yar motar tana tsalle a taswira tana barin layi a bayanta. Wajen hantsi ta kai wani ɗan zango mai gidaje kaɗan a kan tudu, inda kowa ya san Habu na da aboki mai awaki, ba ya wucewa bai sha shayi ba. Nan ta tsaya. Can an jima ta dusashe. Aka yi ta ba'a, ana cewa an yanka wa Habu ɗan akuya.

Washegari mai shagon da muke kai wa kaya a Tazruk ya kira, ya ce bai ga kowa ba. Na sa aka fara ɗora bido a motar bin sawu. Sai ga Alhaji.

"Ina za a da motar nan? Akwai kaya na jira a kasuwa."

"Alhaji, Habu bai isa ba."

Ya ja hannuna har gaban kwamfuta, ya ɗora yatsa a kan ɗigon. "Wannan mene ne? Ga shi nan zaune tun jiya! Da can muna ƙona gazawal don ba mu gani. Yanzu muna gani."

"Ta dusashe, Alhaji. Si Lamin ya ce in ta dusashe..."

"Ita ma kwamfutar ta gaji da kallon malalaci. Malam Issufu, kai ba ka san Habu ba? Nama ya samu. Sauke kayan nan."

Mutanen wurin suka kwashe da dariya. Ni kuma na sauke. Da hannuna na sauke bidon nan, domin a cikin raina ni ma na ce ai ga ta nan a zangon, kuma Habu ne. Wannan kasona ne, ba na ɗora wa kowa. Amma ku lura da abin da ya faru. Mutumin da jiya-jiya aka gaya masa gwaji ne, wanda bai zauna ya koyi komai ba, bai ma san inda ake dannawa ba, shi ne ya soke ƙa'idar da ta girme shi a aikin, don kaya na jira a kasuwa.

Bayan azahar matar Si Lamin ta shigo garejin, lulluɓe da mayafinta. Ba ta taɓa taka wurin ba sai ranar. Ta ce maigidanta ya yi alkawarin kiranta da ya isa Tazruk. Alhaji ya tashi da fara'a ya nuna mata ɗigon, ya ce ta kwantar da hankalinta, suna zango ana shan shayi. Ta matso, ta danna motar. Ashe tun da mijinta ya fara koyon abin nan take zama kusa da shi. Lokaci ya fito a gefe. Ta juyo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ai na jiya da hantsi ne. Ƙarti kun zauna kuna gadin labarin jiya?"

Ban jira amsar Alhaji ba. Na tsallaka garejin da ke kallon namu na roƙi aron ƙaramar motarsu. Shef ɗinsu na jin "bai isa ba", bai tambaye ni komai ba, ya miƙo makulli, ya ce a cika bido daga tankinsu.

Da la'asar muka isa zangon. Mai awaki ya fito yana mamaki. "Habu? Jiya ko kofi na biyu bai sha ba, tsohon nan na ta hanzarta shi." Na dubi gaba. Daga bayan gidajen hanya ke gangarawa ta shige bayan wani baƙin dutse. Abin da aka gaya mini ƙarara ke nan, ga shi a gabana.

Muka bi sawun taya. Cikin wani busasshen kwari muka tarar da motar, dutse ya fasa mata tukunyar man inji, ba ta ko motsi. Habu na zaune a inuwarta, leɓɓansa sun tsattsage. Kusa da shi Si Lamin na kwance a kan buhunan gari, an ɗaure masa ƙugu da rawani, fuskarsa ta yi fari kamar toka.

Habu bai gaishe ni ba. Ya sha ruwa, ya ba tsohon, sannan ya ce, "Baba, tun safe nake kallon hanya."

Ga yadda abin ya kasance. Da motar ta lalace, Si Lamin ya gaya masa cewa daga cikin kwarin nan babu mai jin su. Habu ya ce ba komai, gobe da safe Baba Issufu zai taso, ƙa'ida ce. Suka raba ruwansu a kan haka. Washegari da rana ta take ba su ga ƙura ba, Si Lamin ya saɓa rediyo da batir ya ce zai hau dutsen, wataƙila daga sama eriyar tankinmu ta ji shi.

"Na ce masa kar ya hau," in ji Habu. "Na ce masa kai, Baba, ba ka taɓa saɓa ƙa'ida ba."

Bai kai sama ba dutse ya zame da shi. Ƙashin ƙugu ya karye. Habu ne ya sauko da shi a baya.

Si Lamin ya daɗe a asibiti. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma da sanda, kuma hawan tanki ko rufi ya ƙare masa har abada. Ina wurin ranar da Alhaji ya zo dubiya da ledar lemu. Ya zauna, ya yi jaje, sannan ya buɗe baki ya ce, "Si Lamin, wannan na'ura taku ta yaudare mu ƙwarai."

Tsohon ya dube shi. "Alhaji, na'ura ta faɗi abin da ta ji na ƙarshe, ta yi shiru. Kai ne ka ci gaba da magana da bakinta."

Kuna tsammani Alhaji ya ji kunya? Har yau in zancen ya taso a kasuwa, cewa yake kayan Nasara ne suka kusa kashe masa direba. Ya sa aka kwance eriyar aka jefa bayan gareji. Bai taɓa cewa shi ne ya hana mota fita ba. Wannan ne ke ƙona mini rai fiye da komai, domin wanda ya ɗora laifinsa a kan ƙarfe, gobe ma zai sake.

Ni ban tsani abin ba. Da Si Lamin ya warke na koma gidansa na koya da kyau. Duk mai son farawa ya nemi izini tukuna, ya san iya inda eriyarsa ke ji, ya kuma saba da duba lokaci kafin ya dubi wuri. Naku na waya ma haka yake: rezo na yankewa, ɗigon ya tsaya inda aka bar shi, yana kallonku kamar gaskiya. Taswira ba ta san ƙishirwa ba. Mutumin da ke cikin daji ba da na'ura yake lissafin ruwansa ba, da ku yake yi.

Habu ya ajiye makullin Alhaji a satin nan, ya koma wani garejin. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya durƙusa ya gaishe ni, Baba kaza, Baba kaza, bai taɓa tayar mini da zancen ba. Amma an gaya mini yanzu in zai ɗauki hanyar duwatsu, matarsa yake gaya wa lokacin da za ta fita ta tara mutane in bai isa ba. Ba ya ƙara barin ransa a hannun shef.