Lissafin da Muttaka Ya Shanye

Matso kusa ka zauna, ka ji abin da ya sami Dakta Abdulbaƙi na Kabara, don har yau in an tuna sai rai ya ɓaci.

Malamin kimiyya ne a jami'a. Bincikensa a kan wasu ma'adanai ne da in an sanyaya su ƙwarai, lantarki ke ratsa su ba ya raguwa ko kaɗan, masana kuma sun kasa gano dalili. Ba ya taɓa waya ko inji, alli ne kayan aikinsa. Ofishinsa yoyo yake tun hawan soja, ba mai gyarawa, sai ya shafa wa bangon zauren gidansu baƙin fenti. Shekara da shekaru yana tsaye nan, ya rubuta ya goge, har lissafin ya kama hanya. Bai kwafe ba, kullum cewa yake saura kaɗan.

Da soja suka ce za su sauka, yayansa Muttaka ya fito takarar kansila. Gwaggonsu 'Yardada kuwa ta daɗe tana kallon lambobin nan da aka jera gida-gida a bango, ba mai raba ta da cewa hatimi ne. Ranar da Dakta ya tafi tsaron jarrabawa, ta sa aka wanke bangon tas cikin ƙwarya, Muttaka ya yi bismilla ya shanye.

Dakta ya dawo ya tarar da bango baƙi ƙirin, yana ɗiga. Amma wa zai ɗaga wa murya? Gwaggon ce ta goya shi. Muttaka ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Dakta, ai ilimin bai bar gida ba."

Kuma ya ci zaɓen. Nan ne abin ya fi ciwo. Dakta ya yi ta fama ya maido da lissafin, farko ya dawo, tsakiya ta ƙi. Mutumin da ba a taɓa tambayarsa me yake bincike ba, sai ga masu neman muƙami sun cika masa zaure, kowa da galan ɗinsa na karɓar rubutun sha. Ya yi bayani har muryarsa ta dishe, suka ce rowa ce. Ya kore su, ya garƙama wa zauren kwaɗo, bangon na nan wayam.

To, da kai ne, za ka sake ɗaukar allin?