Kujeru Shida na Falonmu

Ina tsaye a tashar motocin haya na danfo ta Idi-Araba, ranar Talata da hantsi, sai wana Yaya Isa ya kira ni. "Hadiza, ki dawo Agege. Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in iso an riga an jera kujerun roba na haya a ƙofar gida domin masu ta'aziyya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙera kujeru, ga makokinsa a kan roba. Babu ko ɗaya ta hannunsa a gidanmu, kuma ni na jawo haka.

Mahaifinmu, Malam Ɗanladi Kafinta, a Agege aka haife shi. Wurin wani dattijo Bayarabe ya koyi sana'a, sannan ya buɗe rumfarsa kusa da layin dogo. Da itacen iroko yake aiki, kuma ba ya buga ƙusa, sai dai ya fafe katako ya cusa wani a cikin wani su riƙe juna. Duk wanda ya zo neman kujera, sai ya zaunar da shi a benci ya auna daga diddigensa zuwa gwiwa da zare. "Oga, ba kai za ka bi kujera ba," yakan ce, "ita za ta bi ka." Mai gaggawa kuwa da fara'a yake sallamarsa: "Itacen nan ya girme ka, ba zan yi masa garaje ba."

Ya yi wa falonmu guda shida masu lanƙwasasshen hannu, kowa da tasa, daidai tsawon ƙafarsa. Da yayin kushin ya shigo sai na fara jin kunyarsu, don ƙawayena na zolayata wai falonmu kamar ofishin En'e. Shekarar da zan yi aure Baba ya je Kano gaisuwa, sai ga masu bin gida-gida suna neman tsofaffin kaya. Na yi ta lallaɓa Inna har ta yarda. Suka kwashe shidan, suka sauke mana kushin.

Da ya dawo ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Hadiza, miƙo min tabarma." Daga ranar a kan tabarma yake zama a falon nan. Na roƙe shi ya ƙera wasu, ya ce irokon kirki ya ƙare a kasuwa. Daga baya idonsa ya yi rauni, rumfar ta koma shagon cajin waya. Ni kuwa kullum ina ce wa kaina sai na nemo ko guda ɗaya, sannan in durƙusa in nemi gafararsa.

Bara na ga ɗaya a wani shago a Ikeja, inda masu tara kayan dā suke rububin irinsu. Tawa ce, ina zama diddigena ya sauka ƙasa daidai. Na kifa ta ina neman sunansa, wanda yake rubutawa da ajami a ƙarƙashi da ƙarfe mai zafi. An kankare shi. Mai shagon ya ce min da Yarbanci, "Madam, kar ki taɓa. Tun zamanin Turawa aka kawo ta daga Turai." Na ce mahaifina ne ya yi ta a Agege. Dariya ya yi min. Kuɗinta ya fi ƙarfina, na fito hannu wofi. Na kasa gaya wa Baba, na kuma kasa roƙonsa.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna da Yaya Isa da ƙannena haƙurin wannan rashi. Ni kuma, duk wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, domin wanda zan roƙa ya tafi ban buɗe baki ba.